Rabin Gida da Hayar Kabari

Ya 'yan uwa, a ƙasar nan ta Jamus ba abin da ya kai haƙƙin mutum tsarki. Rabinka rabinka ne, ko sama da ƙasa za su haɗu.

An yi wani mutum a garin nan da ya haddace wannan karatu. Shi da matarsa Wiebke sun sayi gida tare, rabi nasa, rabi nata. Da ya haɗu da wata mai sayar da turare a Hamburg, sai ya kwashe kayansa ya bi ta, ya bar Wiebke da 'yarsu Frauke a gidan. Aure ya mutu a kotu. Gida kuwa ya yi daraja.

Sai ya ce a sayar.

Wiebke ta ce, "Baban Frauke, ka bari yarinyar nan ta gama makaranta mana. Baɗi gidan zai cika shekara goma a hannunmu, ka sayar ba mai tambayar ka haraji."

Ya ce, "Iye, yaushe kika zama lauya? Ki ci gaba da minshari a rabina kyauta? Nemi kwali ki fara haɗa kaya."

Kun san dokar. Wanda ya sayar da gida kafin shekara goma, gwamnati tana da kaso a ribarsa, sai fa in yana zaune a ciki. Wiebke tana ciki. Shi yana Hamburg yana shan ƙamshi. Lauyansa ma ya gaya masa. Ya ce shi aiki ya biya a yi masa, ba wa'azi ba. Ya yi barazanar kai gidan gwanjo, Wiebke ta sa hannu. Ita da Frauke suka koma ɗaki biyu a bayan tashar jirgin ƙasa.

Kuɗinsa suka ƙare a sayen mota da buɗe wa mai turaren sabon shago. Shago ya rufe, mai shago ta bi wani.

Sannan ofishin haraji ya tuna da shi. Wiebke ba a nemi komai a wurinta ba. Shi aka lissafa masa haraji a kan ribarsa duka, har da kason coci da ake karɓa tare da haraji, ba zan ɓoye muku ba. Wa zai biya? Motar? An riga an karɓe ta.

Ya tafi neman kuɗi wurin tsohuwarsa, Irmtraud. Mu nan ko kabari haya ne. Hayar kabarin mijinta Hinnerk ta kusa ƙarewa, ta daɗe tana tarawa daga kuɗin fansho don ta sabunta, in ta mutu a kwantar da ita kusa da shi.

Wata ranar Talata Irmtraud ta shigo ofishina da rigar zuwa coci. Ta ce, "Fasto, kada a sabunta."

Na ce, "Mama, kin tabbata?"

Ta ce, "Hinnerk bai taɓa son a kashe kuɗi a kansa ba. Ko takalmi sai na yi faɗa."

Kuɗin suka tafi harajin ɗanta, aka ɗauke dutsen kabarin, aka baje ƙasar, aka shuka ciyawa.

Ya 'yan uwa, an ce mai gina ramin mugunta ya gina shi gajere, don wataƙila shi zai faɗa. Ba kullum ba. Mutumin nan yana nan da ƙoshin lafiya, yana gaya wa mutane gwamnati ta zalunce shi. Ƙeta tana da tsada, amma ba kasafai mai ita ke biya ba.

Irmtraud har yanzu tana zuwa da butarta ran Asabar, tana ba ciyawar ruwa a inda take zaton nan ne wurin.

Allah ya kiyaye mu da cin haƙƙinmu da haƙoran iyayenmu. Amin.