Ƙeyar da ta Sa 'Yan Kallo Kuka

Cedric Pennock ɗan wasan kwaikwayo ne a wani tsohon gidan wasa da ke Bristol. Ga murya, ga tsayi, ga iya wasa. Aibinsa ɗaya ne, ba ya ƙaunar ya ji an tafa wa wani. Ko amininsa Rupert Hallam, wanda suka daɗe suna zaune a ɗakin haya ɗaya, in aka tafa masa sai ka ga fuskar Cedric kamar an aiko masa da rasuwa.

Wata Asabar labari ya bazu a bayan labule cewa Uwargida Winifred Ashcombe, mai shirya finafinai a Landan, za ta kalli wasan rana. Jarumin sabon fim ɗinta take nema.

"Kai za ta ɗauka mana," in ji Cedric yana shafa hoda a gaban madubi. "Jawabin ƙarshe naka ne. Ni ai gunki ne, in tsaya in saurare ka."

"Haba mutumina, sha shayinka kafin ya huce," in ji Rupert. "Da wannan hancin nawa wa zai sa ni a fim? Sai dai a ƙara wa allon faɗi!"

Cedric ko murmushi bai yi ba. Hassada ta riga ta cika masa ciki.

A sana'arsu akwai wata mugunta da kowa ya sani. In ka ja da baya zuwa ƙuryar dandali, dole abokin maganarka ya juyo ya fuskance ka, ya ba 'yan kallo baya. A wasan, Rupert ne ƙanen da ke roƙon gafarar yayansa, Cedric kuma shi ne yayan. Yana fara jawabin, Cedric ya yi ta ja da baya sannu a hankali har ya dangana da bango. Rupert ya juya tilas, mutane ba sa ganin komai nasa sai ƙeya da kafaɗu.

Nan take Rupert ya gane da gangan aka yi masa, abin ya yi masa zafi ƙwarai. Da ya zo inda zai ce, "Yaya, me na yi maka?" sai muryarsa ta karye da gaske, kafaɗunsa suka kama rawa. Zauren ya yi tsit, sai shessheƙar kuka nan da can. Gogan naka kuwa, da ya kamata a ga tausayi a fuskarsa, jin daɗi ne shimfiɗe a kai, kuma kowa na kallo.

Bayan an sauke labule, Uwargida Ashcombe ta same su a ɗakin sauya kaya.

"Kai ne Pennock? Saboda kai na shigo jirgin ƙasa. Wannan abokin naka ne ya hana ni sakat, wai in zo in gan ka. To, na gan ka, har fiye da yadda ka so." Ta juya ga Rupert. "Kai kuma, wanda ya sa ni kuka da ƙeyarsa, ina so in ga abin da fuskarsa za ta yi."

Washegari Rupert ya kwashe kayansa daga ɗakin hayarsu ya nufi Landan. Cedric ya tsufa a wannan dandali, kullum yana wuce hoton Rupert a jikin bangon silima in zai tafi aiki.

Darasin a nan shi ne, mai hassada yakan rushe alherin da aka nufo shi da shi bai sani ba. Kada hasken ɗan'uwanka ya tsone maka ido, domin in ka tsaya ƙoƙarin ɓoye fuskarsa, taka ce za ta bayyana, da duk abin da ke cikin zuciyarka.