Masunci Arzika da Shawarar Sauro

Ga ta nan, ga ta nanku, ta fito daga ruwa jiƙe.

Ta zo mu ji ta, mu shanya ta.

An yi wani masunci ana ce masa Arzika, a wata tunga bakin babban tafki. Ba malalaci ba ne, kada ku ɗauki alhakinsa. Ciwonsa ɗaya, komai ya kama, idonsa na kan wanda ya tsere.

Mutanen tungar suna da doka tun kaka da kakanni. Duk shekara, ranar buɗe ruwa, kowa zai shimfiɗa ragarsa a kan yashi, Sarkin Ruwa ya bi yana zura yatsunsa uku cikin idon kowace raga. In sun shiga, a ce bismilla. In sun ƙi, a cinna mata wuta. Ta haka manyan kifi ke zuwa tukunya, ƙanana su zurare su girma, su haifi na baɗi.

To, a cikin ciyawar bakin tafkin akwai wani tsohon Sauro, shi ma da nasa ciwon. A kan ruwa zuriyarsa ke zuba ƙwai, ƙananan kifin nan kuwa ba su da abin marmari kamar 'ya'yan sauro. In an haifi dubu, da ƙyar goma ke yin fiffike. Ku yanzu kun san wannan. Arzika bai sani ba.

Wata rana da la'asar Arzika na ɗinkin raga a gindin kuka, sai Sauro ya sauka a kafaɗarsa, ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Sannan ya ce, "Maigida, idon ragarka ya yi faɗi, rabonka na zurarewa."

Arzika ya ce ai doka ce, yatsu uku.

Sauro ya ce, "Raga nawa Sarkin Ruwa ke aunawa? Wadda ka nuna masa. Kifi kuwa daga teku yake haurowa, teku ba ta da ƙarshe."

Maganar ta zauna wa Arzika daram. Ya saƙa sabuwar raga mai yatsu biyu, ya ɓoye ta ƙarƙashin tabarma cikin jirginsa. Ranar awo ya shimfiɗa tsohuwar, Sarkin Ruwa ya zura yatsu, ya sa masa albarka. A shekarar nan kwando biyu Arzika ke dawowa da shi inda wasu ke kawo ɗaya.

Matarsa Tumba ce ke gyaran kifin, ita ta fara lura. Ta ɗaga wata karfasa da ba ta kai tafin hannu ba, ta ce, "Malam, wanda ka kama yau shi ne uban na baɗi." Ya ce ta yi aikinta, teku ba ta da ƙarshe.

Shekara ta kewayo, manyan kifi suka ragu. Arzika na zaune ya yi tagumi, sai ga Sauro, ya yi ɗan ƙiba. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya.

"Maigida, idon ragarka ya yi faɗi, rabonka na zurarewa."

Arzika ya saƙa mai yatsa ɗaya. Amma tunga ƙarama ce, hayaƙin banda ba ya ɓuya. Maƙwabta suka ga kwandunansa, suka leƙa ƙarƙashin tabarma, maimakon su kai ƙara sai kowa ya koma gida ya ɗauki zare. Ranar awo raguna masu yatsu uku suka cika yashi, tsaf-tsaf, busassu, ba wadda ta taɓa ruwa. Sarkin Ruwa tsoho ne, ido ya yi rauni, ya bi yana sa wa ƙarya albarka.

Tumba ta sake cewa, "Malam, wanda ka kama yau shi ne uban na baɗi." Ya sake cewa teku ba ta da ƙarshe.

Shekara ta uku raga mai yatsa ɗaya ma ta fara fitowa da ciyawa. Wannan karon Arzika ne ya shiga neman Sauro, yana leƙa ciyayi yana kira kamar mai neman akuya. Sauro ya fito da ƙyar don nauyin jiki. Ya ce har yanzu akwai kifi, sai dai sun yi ƙanƙanta, kuma raga ɗaya ce a duniya da ba ta da ido.

Arzika ya ce wacce?

Sauro ya ce, "Tana rataye a kan gadonka. Ni dai ban taɓa iya ratsa ta ba, balle kifi."

Da a ce Arzika na da hankalin ɗan tsako, da nan ya tsaya ya tambayi kansa abin da ya sa Sauro ke sha'awar a sauke gidan sauro. Bai tsaya ba. Ya sauke nasa, ya sauke na Tumba, ya sauke na yara. Da suka yi masa kaɗan, ya bi gida-gida yana ba mata ƙwaryar busasshen kifi suna ba shi nasu. Ya haɗa su ya ɗinke, ya ja daga wannan gaɓa zuwa waccan. Ya kwaso 'ya'yan kifi masu kamar tsinke, ya kwaso ƙwai, ya kwaso talibambam har da abin da ba shi da suna. Abin da ba ya ciwuwa aka zubar a yashi ya ruɓe. Maƙwabta suka gani, su ma suka sauke sauran. Kafin damina ta tsaya, babu gado ɗaya a tungar da ke da rufi.

A wannan karon Tumba ta zaro wuƙar gyaran kifi. Ta dubi abin da ke cikin kwando, ta rasa inda za ta sa wuƙa, ta mayar da ita kube.

Ranar buɗe ruwa ta zo. Aka buga ganga, tunga duka ta shiga ruwa, tun hantsi ake ja har rana ta karkata. Abin da aka samu kainuwa ce da kwaɗo ɗaya, shi ma ramamme. Wani Zalɓe da ya tsufa a bakin tafkin yana tsaye da ƙafa ɗaya yana kallonsu. Arzika ya matsa kusa, ya tambaye shi, tun da yana yawon duniya, yaushe kifin teku zai hauro.

Zalɓe ya ce, "Na je tekun bara. Na tarar da irinku a can, da jiragen ƙarfe da raguna da suka fi tungar nan tsawo. Su ma suna cewa kifi daga wani wuri zai zo." Ya buɗe fiffike ya tashi, bai sake dawowa ba.

Nan asiri ya tonu. Matasa suka kamo Arzika suka kai shi gaban Sarkin Ruwa, kowa na cewa a yi masa dukan kawo wuƙa, har da waɗanda yagaggen gidan sauro ke rataye a kafaɗarsu. Tsohon kuwa, kunyar kansa ta fi fushinsa yawa. Ya ce an rufe tafki damina bakwai, ba raga ba ƙugiya, kuma Arzika ne zai yi bukka a bakin ruwa ya yi gadi.

"Kada wanda ya taɓa shi. Marin da ya cancanta, shi zai yi wa kansa."

Mutane ba su gane ba sai da magariba ta yi. Wani baƙin abu ya taso daga ciyawa kamar hayaƙi, yana kuka. Zuriyar Sauro ce, dubu ta haifi dubu, ba wanda ya ci ko ɗaya. Suka rufe tungar. Zazzaɓi ya kwantar da yara gida-gida, Tumba ta kwashi nata ta tafi garin iyayenta kan tudu, rabin tunga suka bi bayanta.

Arzika na zaune bakin bukkarsa, sai tsohon Sauro ya sauka a kuncinsa. Ya yi sallama, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya. Ya ce ya kawo jikoki ne su yi godiya, kuma ba a zuwa gidan mai alheri a ƙi cin abinci.

Arzika ya kai masa mari da dukan ƙarfinsa. Sauro ya goce, marin ya sauka inda ya sauka. Damina bakwai masu wucewa suna jin tas, tas, daga bakin tafki.

Kowa ya cinye iri, to ya ci girbin baɗi. In kuma wani ya zo yana taya ku kwaɗayi, ku tambayi abin da shi zai samu.

Ƙurunƙus kan ɗan tarwaɗa, shi ma a mayar da shi ruwa ya girma.