Duwatsun da Afiniki Ta Kwashe

Akwai wata mace a wani ƙauye, sunanta Afiniki. Ɗanta na fari, Yohanna, yana kwance a makabartar ikilisiya, inda ciyawa ta kai ƙugu. Sau uku ta roƙi dattawa izini domin matan ikilisiya su yi gayya su share wurin. Sau uku suka ce, "Je ki ga Baba Istifanus tukuna." Shi ne tsohon da yake haƙa kabari. Kaburburan ba rubutu, dutse kawai ake dasawa wajen kai, shi kaɗai ya san na wane da na wance. Afiniki ta ga raini ne a tura ta wurin mai haƙa rami, ba ta je ba.

Sai ga Damaris, matar sabon malamin makaranta, wadda ko shekara ba ta yi a garin ba. Ta roƙa, cikin mako guda aka ba ta. Ran Lahadi fasto ya sanar a yi aikin ran Asabar, ya sa mata albarka a gaban kowa.

Abin ya tsaya wa Afiniki a rai. Ta ce wa mijinta, "Maigida, wa take da shi a ƙasan can? Ko kaza ba ta binne a garin nan ba."

Ya ce, "Ke dai ba sharewa kike so ba? Ga shi za a share."

Ran Jumma'a da sassafe ta ɗauki adda da fartanya, don ranar gayya a tarar ta riga kowa. Ta sare, ta nome. Dutsen da ya tare mata fartanya sai ta kwashe ta tara gefe, wai in ta gama ta mayar. Da ta miƙe ta duba, ƙasa ta zama bai ɗaya. Har ɗan kurmin da take gane kabarin ɗanta da shi ta sare. Ta zauna a ƙasa tana kuka.

Can sai ga Damaris da Baba Istifanus. Ashe kwana uku Damaris ta yi tana bin tsohon, tana rubuta kowane kabari, gama sharaɗin izinin ke nan. Ta buɗe littafinta, ta ƙirga taku goma sha biyu daga gindin tsamiya, ta tsaya.

Ta ce, "Mama, ga Yohanna nan. Kawo dutsensa."

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Makabartar aikin Ubangiji ce. Izinin kuwa tawali'u ne, a sunkuya a tambayi wanda ya sani. Kishi yakan sa mu gaggawa, mu ɓata abin da muka fi ƙauna da hannunmu. Ni dai abin yana ba ni tsoro, gama 'ya'yanmu suna jin abin da muke faɗa a gida in an yabi wani a coci. Wadda kike jin zafinta yau, wataƙila ita Allah ya damƙa wa littafin da sunan ɗanki yake ciki.