Ukashatu da Manhajar da Ba Ta Iya Magana Ba

An yi wani mutum, wani bawan Allah ana ce masa Ukashatu, a wata jami'a da ba sai na kama sunanta ba. Aikinsa kula da wata manhajar kwamfuta mai duba hujjar lissafi. Ka rubuta hujjarka, ta bi ta layi-layi, ta ce ta tsaya ko ba ta tsaya ba. Abin da ka bari ba ka fayyace ba, kamar wace irin lamba kake nufi, sai ta cike da kanta. Wannan sashe mai cikewa, Ukashatu ne ya gina shi.

To, ku saurara. Manhajar nan ba ta iya magana ba. In ta ƙi aikinka, abin da za ta ce kawai: "Nau'i bai dace ba." A ina? Don me? Oho.

Ran nan sai ga Malama Hurera, malamar lissafi mai 'ya'ya uku, tana karatun digiri na biyu. Wata biyu manhajar na ƙin hujjarta, saura kwana tara a rufe karɓar kundi.

Ta ce, "Malam, na haƙura. Ƙila kaina ne ba ya ja."

Ya ce, "Zauna tukuna, Malama, mu ga inda ta ce kin ɓata."

Ya ɗauki biro da takarda. Kwana uku yana bi. Jama'a, ashe matar nan daidai take. Sashensa ne ya yi zaton cikakkiyar lamba take nufi, alhali mai ɓari ce, irin su ɗaya da rabi, sannan ya ɗora mata laifin.

Ya je ya faɗa wa shugabansu, Dakta Mamuda. Dakta ya ce, "Gyara shiru. Masu duba aiki na zuwa mako mai zuwa, kuma sunanka na cikin waɗanda za a ƙara wa girma."

Ukashatu ya ce, "Ranka ya daɗe, mutum nawa suka koma gida suna ganin kansu daƙiƙai saboda ni? In na yi shiru, wa zai faɗa musu?"

Ya rubuta wa duk masu amfani da manhajar: laifin nawa ne, ba naku ba. Ƙarin girma ya wuce shi a shekarar, kuma ya ji zafi, don ɗan Adam ne. Amma ya zauna ya bi saƙonnin da manhajar ke bayarwa in ta ƙi aikin mutum, yana gyara su ɗaya bayan ɗaya, har manhajar ta koyi cewa: "A layi na goma sha biyu na ɗauka lambar nan cikakkiya ce. In ba haka kake nufi ba, fayyace mini."

Hurera ta miƙa kundinta saura kwana biyu. Cikin waɗanda suka bar karatu saboda kuskuren manhajar, mutum ɗaya ya dawo. Sauran ba su dawo ba, kuma Ukashatu bai daina nema musu alheri a addu'a ba.

'Yan'uwa, mu nawa ne nan muke ce wa 'ya'yanmu da matanmu da ma'aikatanmu "ba daidai ba," mu juya baya? In za ka gyara wa mutum, nuna masa wurin, ka faɗi dalili, da taushin harshe. Kafin nan kuma ka duba, ko zatonka ne ya karkace. In naka ne, faɗa da bakinka. Allah Ya ba mu ikon yi.