Gurbin Hannun Barau

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da ni.

Ta zo mu ji ta, Iya.

Wata mata ce, Tabawa, mijinta Barau ya rasu ya bar mata kujerar maɗaci. Shekara da shekaru yana zama a kanta, har tafinsa ya yi gurbi a hannun kujerar na dama, sumul. Kullum da la'asar Tabawa takan sa hannunta a gurbin nan, ta ji kamar ya riƙe ta.

Ranar sadakar bakwai wani mai gaisuwa ya zauna a kujerar da ƙarfi, ƙafarta ɗaya ta karye. Da Tabawa ta fita takaba, sai ta ɗauki kujerar ta kai shagon Gizo kafinta.

Gizo ya ga tsohon maɗaci, ransa ya biya, don Ƙoƙi matarsa ta daɗe tana mitar ba ta da muciya mai ƙwari. Ya ce ta dawo gobe.

Ƙadangaren da ke bangon shagon ya gyaɗa kai ya ce, "Baiwar Allah, gaya masa abin da ke hannun nan." Tabawa ta sunkuyar da kai. Ita da ko sunan Barau ba ta taɓa kamawa ba, ta yaya za ta gaya wa namiji tana kewar hannun mijinta? Ta ce ƙafa kawai za a gyara, ta tafi.

Washegari ƙafa ta gyaru, amma Gizo ya ce jinginar ma gara ta ci, sai an sake. Ƙadangare ya ce ta yi magana. Ta buɗe baki, ta ga maza zaune a benci, ta ja mayafi ta rufe.

Ta sake dawowa, Gizo ya ce ai sabuwar jingina ta tona asirin sauran, a bar masa ya ƙarasa. Ƙadangare ya yi ta gyaɗa kai har wuyansa ya gaji. Tabawa ta shafa gurbin a ɓoye, ta fita.

Da ta zo ɗauka, ga kujera tana walƙiya da fenti. Ta sa hannu a dama, ta ji katako miƙe, mai sanyi.

Ta ce, "Ina hannun da ke nan?"

Gizo ya ce, "Wannan mai ramin? Ai na raba ki da shi, Hajiya. Ba ki ce kina so ba."

Ƙadangare ya nuna mata bayan shago. Ƙoƙi ce ke tuƙa tuwo da sabuwar muciya, tsohon hannun kujerar ne aka sassaƙe tsaf, babu sauran gurbi.

A nan Tabawa ta kira sunan Barau, sau ɗaya, a gaban kowa. Ta tattara ɓarɓashin maɗacin da ke ƙasa, ta ƙulle a gefen zanenta, ta bar musu kujerar.

To, jikokina, abin da kuke ƙauna ku faɗe shi da baki tun yana hannunku, don mai gyara ba ya ganin abin da ke zuciya.

Ƙurungus kan kusu, ta ƙare a nan.