Likitan da Idonsa Ya Gaji

A wani babban gari an yi wani likita wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana binciken yadda za a gano ciwon daji tun yana ƙarami. Akan yi wa majiyyaci allurar wani ruwa mai ɗauke da ɗan ƙarfin nukiliya, ruwan ya je ya taru inda ciwon ya ɓuya, sa'an nan na'ura ta ɗauki hoton wurin. Likitan ya kyautata wannan hanya, har sunansa ya kai ƙasashe masu nisa. Ya koyar da likitoci da yawa, amma bai taɓa yarda wani ya yanke magana a kan hoto ba sai shi ya duba.

Shekaru suka tura. Bayansa ya ranƙwafa, idonsa ya fara dushewa. Yakan koma gida ya zauna gaban tuwo har ya huce, yana tuna waɗanda aka kawo masa a makare. Matarsa takan ce, “Maigida, ka huta mana.” Shi kuwa yakan ce, “In na huta, wa zai duba?”

Ana nan sai matar ta fara ramewa. Ya kai ta asibitinsu, aka ɗauki hoto. Ya zauna gaban hoton, ya goge tabarau, ya sāke gogewa, amma ya kasa rarrabe inuwa da ciwo. Da ƙyar ya tashi, ya je ya ƙwanƙwasa ƙofar wata likita, ɗaya daga cikin waɗanda ya koyar.

Ya ce, “'Yata, zo ki duba mini. Idona ya ƙi.”

Ta ce, “To, Baba. Ka je wurin Mama, tun ɗazu take tambayarka.”

Likitar ta duba, ta ga ciwon a gefen huhu, bai riga ya yaɗu ba. Jinyar ta yi tsawo, ta kuma yi wuya. Matar ta rayu, ko da yake ƙarfinta bai komo duka ba. Mijin ya ajiye aiki, ya zauna yana jinyarta.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Likitan shi ne kowane ɗayanmu da ya yi wa Allah da mutane hidima da aminci, har ya fara zaton in ya zauna kome zai rushe. Akwai irinsa a cikin dattawan ikkilisiya, da zumuntar mata, da iyaye a gida. Gajiya ba zunubi ba ce. Ubangiji ya san mu ƙura ne, ya kuwa riga ya shirya waɗansu hannuwa kusa da mu, sau da yawa waɗanda mu da kanmu muka koyar. In ƙarfinka ya ƙare, kada ka ji kunya. Tashi ka ƙwanƙwasa ƙofar ɗan'uwanka, ka ce, “Zo ka taimake ni.”