Telan da Ya Nemi Shiru

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani mutum a Bagega, can ƙasar Anka, a shekarun nan da zinari ya ɓullo, manoma suka jingine fartanya suka ɗauki diga. Ba zan kira sunansa ba, don yana raye, kuma abin da ya same shi ya ishe shi. Tela ne, mutumin Gummi. Ya zo Bagega ne don ya ji an ce masu haƙa ba sa taya ɗinki. Ya kama ɗaki a gidan haya, irin gidan nan mai ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya, kowa na jin tarin kowa. Da shi, da matarsa Tabawa, da 'yarsu Zinatu wadda ba ta daɗe da yaye ba.

Zinatu yarinya ce mai baki. Tun da safe za ta kifa kwano ta samu cokali ta yi ta buga masa, tana waƙar da ita kaɗai ta san ma'anarta. In ubanta ya taka keke sai ta riƙa kwaikwayon ƙararsa da leɓe. Duk gidan babu wanda bai san muryarta ba.

A ɗakin da ke manne da nasu akwai wani mai suna Makau, mutumin Nasarawa Burkullu, mai haƙar zinari, shi da matarsa da 'ya'yansa. Kusan tare suka shigo gidan. A lokacin Makau riga ɗaya gare shi, ita ma ta yage a kafaɗa, telan nan ne ya face masa ita kyauta. Ku riƙe wannan, don nan ciwon ya fara.

Allah mai ba wanda ya so, sai ramin Makau ya yi albarka. Ya sayi babur. Ya sayi janareta. Ya kafa tauraron ɗan'adam a kan rufi, yaran unguwa suka riƙa cika ƙofarsa kallo. Ga buhunan dutse mai zinari a ciki da yake kawowa daga rami, ana fasa su da guduma, ana daka su a turmin ƙarfe a tsakar gida kafin a kai inji. Gaskiya gidan ya yi hayaniya. Ba zan wanke Makau ba, mai raba katanga da mutane ya kamata ya san ba shi kaɗai ke da kunne ba.

To amma me ke damun tela? Hayaniya ce? Mutumin da kekensa ke ƙara tun hantsi har la'asar, wanda 'yarsa ke buga kwano a kansa yana dariya, shi ne ba ya son ƙara? A'a. In janareta ya tashi, ba ƙararsa yake ji ba, ji yake ana ce masa, “Makau ya samu, kai ba ka samu ba.” In babur ya shigo zaure, zuciyarsa ce ke tafasa. Ran da Makau ya kawo masa shadda mai tsada ya ɗinka masa, sai da ya soke yatsansa da allura don haushi. Yana gwada shi yana cewa a ransa, “Wannan kafaɗar ce fa na yi wa faci.”

Bai taɓa zuwa ya ce wa Makau, “Ɗan'uwa, a rage mana ƙara” ba. Da ya faɗa, da an rage. Amma ba ragewa yake so ba, so yake ya ga an ci masa fuska. Sai ya tafi wurin mai unguwa, ya tara mutane, ya tsaya a gabansu ya ce, “Wallahi dakan ga ya hana mu sakat. Duk wanda ka daka dutse inda mutane ka kwana ba shi da imani, ba shi san haƙƙin maƙwabci ba. Ni ko za ni mutuwa da yunwa, ba ni yin haka.”

Makau ya ji kunya ƙwarai. Ya ce, “Malam tela, don mi ba ka hwaɗa min ba tun can? Ka yi haƙuri. Daga yau ba a sake daka gidan ga.” Ya kwashe turminsa da buhunansa ya mai da su bayan gari, inda ake niƙa. Janareta kuma ya ce ba zai riƙa tayar da shi ba sai tsakanin azahar da la'asar. Har ma ya bi tela ɗaki ya ce masa, “In kana so, taho mu tai rami, in ba ka buhu guda ka gwada sa'arka.” Tela ya ɗaga hanci ya ce shi sana'arsa ta ishe shi.

Ya samu abin da ya nema, ko ba haka ba? An daina daka. To sai ya kwanta ya huta mana. Ina! Makau na ta ƙara samu, yanzu kuma mutane na yabonsa da haƙuri. Hassada ba ta ƙoshi, in ka ba ta abin da ta roƙa sai ta ce ba shi take nufi ba.

Sai tela ya fara tunani. Shi ma ai yana da hannu biyu. Me Makau ya fi shi? Ya sayar da kan kekensa na biyu, ya sayi buhunan dutse a ɓoye wurin wasu baƙi, ya shigo da su ɗaki kamar buhunan dawa, ya lulluɓe da yadin mutane. Sai dai a ina zai daka? A bayan gari Makau zai gan shi. A tsakar gida kuwa, ai shi ne ya rantse a gaban mai unguwa. Bakinsa ya riga ya rufe masa ƙofa.

Ku ji dabarar da Shaiɗan ya ba shi. Ya shigar da turmi ƙuryar ɗaki. Ya ninke tsohuwar katifa ya ɗora shi a kai. Ya naɗe shi da ƙyallayen da suka rage a ɗinki, ya cusa sauran a taga da ƙarƙashin ƙofa don kada ƙara ta fita. Sai ya jira azahar, in janaretan Makau ya tashi, shi kuma ya kama daka. Ƙarar da ya kai ƙara a kanta, ita ce ta zama mayafinsa.

Ƙara ba ta fita, ƙura ma ba ta fita. Tana sauka a kan tabarma, a kan kwanukan abinci, a kan randa. Tabawa ke tankaɗe masa garin dutsen da rariyar da take tankaɗen tuwo. Zinatu kuwa tana nan a ƙasa tana wasa, ta shafa hannu a garin ta kai baki, kamar yadda kowane yaro ke yi.

A lokacin nan maganar gubar dalma ta riga ta cika ƙasar. An ji abin da ya faru da yara a Abare da sauran ƙauyuka, rediyo na faɗa, limamai na faɗa: dutsen nan akwai guba a cikinsa, kada a daka shi a gida. Tabawa ta tsorata. Ta ce masa, “Malam, ɗiyar ga ba ta cin abinci, kullum ciki na yi mata ciwo. Mu bar abin ga.” Ya ce, “Haƙori ne. Saura kaɗan in wanke garin, ki ga abin da za ni samu.”

Allah bai bar shi haka ba, sai da ya aiko masa da hanyar tsira har ƙofar ɗaki. Ma'aikata suka shigo gari suna auna ƙasar gidaje, inda suka samu guba su kankare su zuba sabuwa, likitoci kuma suna ɗibar jinin yara. Suka zo gidan hayar nan tare da mai unguwa, suka kankare tsakar gida. Suka tambaya ko akwai ɗakin da aka taɓa daka a ciki. Tela na tsaye a ƙofarsa, turmi na bayansa, 'yarsa na kwance a ciki. Kalma ɗaya ce tsakaninsa da ceton yarinyar nan. Sai ya hango Makau tsaye a gefe. Ya ji in ya faɗa, Makau zai ji.

Ya ce, “Ni? Ku tambayi mai unguwa.”

Mai unguwa ya yi dariya ya ce, “Wanga ai shi ne yah hana daka gidan ga. Ku wuce.” Suka wuce. Ya kuma hana Tabawa kai Zinatu a ɗebi jininta, don ya san jini ba ya rufa asiri.

Ba a daɗe ba, wata rana da hantsi, Zinatu ta sandare. Idanunta suka juye, jikinta na jijjiga, kumfa na fita a bakinta. Tabawa ta fito tsakar gida da ita tana ihu. Wa ya fara fitowa? Makau. Ya tayar da babur ɗin nan da tela ya tsana, ya ɗauki uwa da 'ya ya kama hanyar Anka, hanyar da mota ma ke shan wahala a kanta. A ruɗewar nan aka bar ƙofar ɗaki a buɗe. Duk gidan suka ga turmi a kan katifa, naɗe da ƙyalle.

Aka auna 'ya'yan Makau, aka samu gubar jikinsu kaɗan ce, don an daɗe da fitar da daka daga inda suke wasa. Ku duba ikon Allah. Ƙarar da ya kai don ya tozarta maƙwabcinsa ita ce ta tsare 'ya'yan maƙwabcin. Abin da ya kora daga ƙofar wani, shi ya ɗauko da hannunsa ya kai ƙarƙashin gadon 'yarsa.

Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, Zinatu ta rayu. Amma gubar ta riga ta taɓa ƙwaƙwalwa. Ta dawo gida ba ta magana. Uban ya ɗauko kwanon nan nata ya kifa a gabanta, ya sa mata cokali a hannu. Ta dube shi, cokalin ya zame ya faɗi. Garin dutsen kuwa da aka wanke, zinarin da ya fito bai kai ƙwayar gero ba.

Tabawa ta goya 'yarta ta koma Gummi wurin Innarta, ba ta ko waiwayo shi ba. Masu kawo ɗinki suka janye. Makau ya gama gininsa ya tashi da janaretansa da yaransa, har ranar tashinsa bai ce wa tela uffan a kan abin da ya faru ba. Gidan ya yi tsit. Waɗanda suka san shi sun ce yanzu ba ya iya zama a ɗaki. Kullum yana bakin injin niƙan hatsi a kasuwa, inda ba ka jin maganar na kusa da kai. In an tambaye shi me yake yi a nan, sai ya ce shiru ne ba ya so.

Ya 'yan uwa, da yawanmu a gidan haya muke. Akwai mai rediyo, akwai mai janareta, akwai mai 'ya'ya masu kuka. In maƙwabci ya dame ka, haƙƙinka ne ka faɗa masa, je ka same shi kai da shi, da sallama da fuska a sake. Kai kuma mai ƙara, ji tsoron Allah ka rage. Amma kafin ka ɗaga ƙafa zuwa wurin mai unguwa, tsaya ka tambayi kanka tsakaninka da Allah: kunnena ne ke ciwo, ko zuciyata? Da matalauci ne ke wannan ƙarar, da ta dame ni haka? In ka ji amsar ta ba ka kunya, to koma ɗaki ka yi alwala, ka roƙa wa ɗan'uwanka ƙarin albarka, ko da harshenka na yi maka nauyi. An gargaɗe mu cewa hassada na cin ayyukan alheri kamar yadda wuta ke cin itace. Wuta kuwa ba ta fara cin gidan maƙwabci, inda aka hura ta take fara ci. A ɗakin mutumin nan, abin da ta fara samu yarinya ce mai kwano da cokali.

Ya Allah ka wanke zukatanmu daga ƙyashin abin da ka ba bayinka. Ka ba mu haƙurin zama da maƙwabta, ka ba su haƙurin zama da mu. Ka ba Zinatu da ire-irenta lafiya. Kada ka kama 'ya'yanmu da laifin zukatanmu. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye zuriyarmu. Amin.